Baƙuwar da Ba Ta Rage Abinci

Ina aji biyu a babbar makarantar da ke garinmu Kazaure aka kawo wani shiri na musayar ɗalibai. Wai matasa daga ƙasashen waje za su zo su yi dogon hutunsu a wurinmu, su zauna a gidajen mutane, su koyi yadda muke kasuwanci da yadda muke zama. An gaya musu lokacin zafi za su zo, don haka suka sauko daga mota da faffaɗan huluna da baƙaƙen tabarau, ruwan sama kuwa ya tarbe su tun daga ƙofar makaranta. Tsakiyar damina ce. Duwatsun garin duk sun yi kore shar, kwaɗi na ta nasu bikin a kowane kududdufi.

Ba su da yawa. Akwai wani dogon saurayi ɗan Turkiyya da aka kai Roni wurin wani dillalin hatsi. Akwai wani ɗan Damagaram da aka tura Babura, wanda har yau ban san abin da ya zo koyo ba, domin Hausarsa ta fi tamu daɗi, bambancinsa da mu kawai shi da sefa yake ciniki. Sai 'yan mata biyu, ɗaya daga cikinsu 'yar ƙasar Indonisiya. Ita ce ta faɗo gidanmu.

Baba ne ya jawo mana. Ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma mutum ne da ba ya iya jin ana neman mai taimako ya riƙe bakinsa. Da aka ce ana son gidan da ake sana'a a cikinsa, sai ya tuna matarsa tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ya miƙa hannu. Bai shawarci kowa ba sai da ya dawo gida.

Inna, mahaifiyata, ta yi masa 'yar mita ta al'ada, amma ni na ga idonta yana ƙyalli. A unguwarmu abu biyu aka san ta da su: man gyaɗarta, da saukar baƙi. Kuma idan aka ce ta zaɓi ɗaya, man za ta bari. Ta fi son a ce manta ya lalace da a ce wani ya kwana a gidanta ya fita yana ƙorafi. Dangi daga ƙauye kan ƙirƙiri ciwon da zai kawo su asibitin Kazaure don kawai su sauka a wurinta. To ga baƙuwa daga ƙarshen duniya, ga sauran gidajen da aka rarraba wa baƙi, ga matan unguwa sun zuba ido. Inna ta ɗaura ɗamara.

Aka share ɗakin yayata wadda ta yi aure, aka sa sabon labule, aka shimfiɗa darduma, aka aro kujera mai laushi daga maƙwabta. Ni kuma aka naɗa ni tafinta, tunda da Turanci za mu yi magana da ita.

Ta iso, 'yar ƙarama, siririya, da mayafinta a naɗe tsaf, tana ta murmushi tana sunkuyar da kai. Musulma ce, sallamarta ma ta fi tawa fita. Nan take Inna ta ji ta kwanta mata a rai. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce, “Allah sarki, 'yar mutane. Ko iska ai sai ta ɗauke ta.” Ban fassara wannan ba.

A gidanmu baƙo ba ya cin abinci a gaban jama'a. Ɗaki ake kai masa, a ajiye, a ja labule a ba shi wuri, don ya ci ya ƙoshi ba wanda ke ƙirga masa loma. Shi kuma idan ya gama sai ya rage ɗan wani abu a kwano, masu gida su san ya ishe shi. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini wannan, haka na tashi na tarar, kamar yadda na tarar ana cin abinci da dama. Shi ya sa ba wanda ya yi tunanin akwai abin da za a gaya wa baƙuwa.

Ranar farko Inna ta yanka zabuwa, ta yi shinkafa da miya. Na jera a tire na kai, na ja labule na fito. Da na koma ɗauko kwanuka, sai na tarar da su tas, ko ƙwayar shinkafa babu. Inna ta leƙa ta dafe ƙirji.

“Wayyo, yarinyar nan ta sha yunwa a hanya. Gobe ki tuna mini in ƙara.”

Aka ƙara. Kwanuka suka sake fitowa tas. Inna ta ce bai ishe ta ba, kunya ce ta hana ta faɗa. Aka kuma ƙarawa. Kafin mako ya zagayo, tiren baƙuwa sai na sa hannu biyu da ƙarfi nake iya ɗaga shi: kula biyu, dafaffen ƙwan zabi a gefe tunda lokacinsa ne, ga dambu, ga kofin fura da nono. Kuma kullum haka yake dawowa, kamar an wanke.

Inna ta shiga wani hali, rabi alfahari rabi tsoro. “Wai ina take kai shi ne?” in ji ta, tana juya kular a hannu. Labari ya fita unguwa. Mata masu zuwa awon mai suka riƙa cewa, “Hajiya, an ce baƙuwarki akwai ci, tubarkalla.” Inna ta yi murmushi ta ce ai abincin ne ya karɓe ta.

Abin da na lura da shi shi ne cin abincin nata yana ƙara daɗewa. Da farko kafin in gama wanke-wanke ta gama, daga baya sai a kusa kiran la'asar tana ciki. Idan ta fito, a hankali take tafiya tana dafa bango. Na gaya wa Inna. Inna ta ce rashin ƙarfi ne, a ƙara mata da kunun gyaɗa.

Wajen sana'a ma haka aka yi. Kowace safiya za ta fito tsakar gida ta naɗe hannun riga, a shirye. Mu kuma muna can muna fama: ana suyar gyaɗa a babban kasko, ana murzawa, ana bakacewa, a kai inji a markaɗo, a dawo a zuba a turmi ana juyawa da ruwan zafi har mai ya tsatso. Inna za ta sa a fito da kujerar nan mai laushi a ajiye ƙarƙashin rumfa, nesa da hayaƙi, a ce ta zauna. Idan ta miƙa hannu za ta taɓa muciya, mata biyun da ke taya Inna aiki sai su yi kanta kamar za ta taɓa wuta.

“Baƙuwa da aiki?” in ji Inna. “A ce me a gari? A ce mun samu 'yar mutane mun mayar da ita baiwa?”

Sai ta koma ta zauna tana kallonmu. Da rana mu baje tabarma mu kewaye kwano ɗaya, ana ci ana tsokanar juna, ni kuma in ɗauki tirenta in wuce da shi ta gabanta zuwa ɗaki. Ta tashi ta bi bayana kamar ɗalibar da shugaban makaranta ya aiko kira.

Duk mako ana tara su a makaranta kowa ya faɗi abin da ya koya. Ɗan Turkiyya ya zo tafin hannunsa duk ya yi kanta saboda aiki, ya iya awo da tiya, ya iya cewa “albarka” ya kau da kai kamar wanda aka zaga, har ya kwaikwayi yadda maigidansa ke tauna ƙwayar gero ya gane ko na bana ne. Ɗan Damagaram ya ba da labarin kara, kasuwar dabbobi ta Babura, ya sa kowa dariya. Da aka zo kan tamu, ta miƙe ta ce ta ga yadda ake yin man gyaɗa. Malamar da ke kula da shirin ta tambaye ta wane ɓangare ta yi da hannunta. Ta ce ta kalla sosai.

Sai ga ranar kasuwar Gwiwa. Ƙanwar Baba, wadda muke kira Gwaggo, a can take aure, kuma ita ke sayar mana da mai a kasuwar. Inna ba ta zuwa, ni nake kai jarkoki. Da ƙyar ta yarda baƙuwa ta bi ni, bayan ta ja mini kunne kada in bari rana ta taɓa ta, kada ruwa ya taɓa ta, kada kowa ya taɓa ta.

Gwaggo kuwa ba ta da lokacin wannan. Muna isa ta dube ta ta ce, “Wannan ce mai cin nan? Miƙa mata mazurari.” Kafin in buɗe baki, baƙuwa tana tsugune tana ɗura mai a kwalabe, yana zuba mata a yatsu, Gwaggo na yi mata tsawa da Hausa tana amsawa da dariya. Da rana ruwa ya sauko, matan rumfar suka matsu wuri guda, aka ajiye ƙaton kwano na kwaɗon zogale a tsakiya. Gwaggo ta zungure ta da gwiwar hannu ta ce, “Sa hannu.” Ta sa. Ta yi 'yan lomomi kaɗan ta janye hannunta, fuskarta fes, tana ta surutu da hannu da ka da matan da ba sa jin ko kalma ɗaya ta bakinta. Ban taɓa jin dariyarta da ƙarfi ba sai ranar. Gwaggo ta harare ni ta ce, “Ke da uwarki kun cika sharri. Wannan ai cin tsuntsu take yi.”

A hanyar dawowa, tun da muka fara hango duwatsun Kazaure fara'ar baƙuwa ta gushe.

Bayan kwana kaɗan malamar ta kira ni ofishinta. Ta ce baƙuwarmu ta roƙi a mayar da ita ɗakin kwanan ɗalibai, ta ƙarasa sauran makonninta a can. Ba ta kai ƙarar kowa ba, ta dai ce tana ganin ta zame wa mutanen gidan nauyi. Ranar Asabar mota za ta zo ta ɗauke ta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuna zabbin da aka yanka, na tuna Inna tana tashi tun asuba, na kuma hango motar makaranta a ƙofar gidanmu ana fito da jaka, matan unguwa suna leƙe ta katanga. Ban ko tsaya jiran a-daidaita-sahu ba, da ƙafa na taho ina shirya maganganun da zan gaya wa baƙuwar. Na ɗaga labulen ɗakinta ba sallama.

“Me muka yi miki?”

Ta dube ni, idonta ya ciko. Ta ce ita ce ya kamata ta yi wannan tambayar. Me ta yi wa Inna? A gidansu, in ji ta, mutum biyu ne ke cin abinci su kaɗai: mara lafiya da wanda ya yi laifi. Ita lafiyarta lau. Tun ranar farko take ta binciken kanta ko ta yi wani abin da bai dace ba, aka ware ta, aka hana ta taɓa komai na gidan. Tana jin dariyarmu ta bayan labule tana cusa abinci tana hawaye.

Na ce to ai ba dole ba ne ta cinye.

Ta zaro ido. Ta ce a wurinsu barin abinci a kwano cin fuska ne ga wanda ya dafa. Tun suna yara kakarta ke gaya musu shinkafa tana kuka idan aka bar ta. Ita kuma da take zaton ana fushi da ita, ta yaya za ta ƙara da wani laifin? Shi ya sa take cinyewa ko za ta mutu, washegari kuma sai ta ga an ƙaro. Ta rage murya ta ce, “Wallahi tsoron tiren nan nake ji. Idan na ji takunki, sai in ji kamar in ɓuya.”

Dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa. Sai na ga ita ba dariya take yi ba, na haɗiye sauran. Na yi mata bayanin komai, ta saurara, ta gyaɗa kai, amma na ga ba ta gamsu ba. Ta ɗauka ina gyara magana ne don in rufa wa mahaifiyata asiri.

Inna tana tsince gyaɗa a faifai na je na zauna kusa da ita na gaya mata. Hannunta ya tsaya. Ta ce, “Don na girmama ta?” Can kuma ta ce, “Wato duk kwanakin nan azaba nake gana wa 'yar mutane.” Na ji tausayinta ya kama ni, domin ban taɓa ganin Inna ta rasa abin yi a kan baƙo ba.

Baba ya ce zai je ya ba malamar baki a fasa turo mota. Inna ta ce a'a, ba za a riƙe yarinya da roƙo ba. Na ce to ai abin mai sauƙi ne, ta kira ta kawai mu ci tare. Ta girgiza kai.

“Idan na kira ta, don kunyata za ta fito, ta zauna a takure, ni ma a takure. Kuma bakina ba zai iya ce wa baƙuwa ta zo ta zauna cikin hayaƙi ba.” Ta ci gaba da tsintar gyaɗarta. Sai da na miƙe zan tafi ta ce, “Gobe kada ki kai mata komai.”

Na ce, “Inna, komai?”

“Ko ruwan koko.”

Washegari Juma'a. Na sha ganin Inna cikin wahala, amma ban taɓa ganin abin da ya gallabe ta kamar wannan safiyar ba. Ta zuba gishiri a dambu ta manta ta sake zubawa. Ta ɗauki tiren da kanta ta goge, ta ajiye, ta sake ɗauka, sannan ta kife shi a kan randa ta juya masa baya. Minti kaɗan sai ta ce mini, “Ta motsa?” In ce a'a. Ta ce da mahaifiyarta na da rai ta ga an bar baƙo da yunwa a gidan 'yarta har hantsi, da ba ta ƙara taka gidan ba. Ta gargaɗi matan da ke taya ta aiki: idan yarinyar nan ta fito, duk wadda ta miƙe ko ta kawo kujera, ita da ita ne.

Maza suka tafi masallaci. Muka baje tabarma, aka ajiye kwanon dambu a tsakiya. Inna ta zauna ta ba ƙofar ɗakin baya, amma kunnenta duk yana can. Can sai labule ya motsa.

Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana duban inda kujerarta take, babu kujera. Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta tako a hankali har bakin tabarma. Inna ba ta ɗago ba. Ta dai gusa gefe kaɗan, ta tura mata kwanon wanke hannu.

Ta zauna. Gishirin dambun nan ya yi yawa, duk mun sani, haka muka ci gaba da ci. Ta ci ɗan abin da za ta ci ta janye hannu. Na ga Inna ta buɗe baki za ta ce a ƙara, na danne mata ƙafa da tawa, ta mayar da maganar ciki da ƙyar kamar mai haɗiye magani. Da aka ɗauke kwano, ta nuna kasko da haɓa ta ce, “In kin gama, ga gyaɗa can tana jiran murza.” Na juya zan fassara, sai na ga har ta naɗe hannun riga.

Ranar Asabar direban makaranta ya yi sallama a zaure. Lokacin baƙuwa tana durƙushe gaban turmi, hannunta dumu-dumu da tunkuza, Inna na tsaye a kanta tana cewa ba haka ake matsa ba, wa ya koya mata wannan aikin na ragwaye. Na miƙe zan je in sallame shi, ta riga ni. Daga tsakar gida muka jiyo ta da Hausarta mai tsalle-tsalle: “Sannu, Malam. Ba na zuwa. Ina aiki.” Inna ta juya ta shiga madafi, ta daɗe tana neman wani abu da ba ta faɗi sunansa ba.

Sauran makonnin suka wuce kamar iska. Ta ƙone gyaɗa kasko guda ta sha faɗa. Ta koyi murza ƙuli-ƙuli, sai dai nata bai taɓa fitowa daidai ba, wani kamar ƙugiya wani kamar tsutsa, Gwaggo ta ce a riƙa ware mata su daban, a Gwiwa yara sun fi son su. Ta rame ta koma yadda ta zo, matan unguwa suka ce Hajiya ta daina kula da baƙuwarta, Inna ta ce su je su ji da gidajensu. Ranar rufe shiri, ta tsaya gaban jama'a da kwalbar man da ta matsa da hannunta, ta ɗaga ta sama haske ya ratsa. Na yi tafi har tafin hannuna ya yi zafi.

Sai ranar tafiya. Inna mace ce da ke raka baƙo har zaure, da ƙunshin tsaraba a hannu, tana addu'a tana a gai da gida har sai ya sha kwana. Ranar nan ta haɗa tsarabar tun da safe ta ba ni, ta shige madafi. Mota ta zo, aka fitar da jaka, Baba ya yi nasa jawabin, Inna ba ta fito ba. Na ga yarinyar tana waige-waige, fuskarta ta fara komawa irin ta kwanakin farko. Wannan karon ban jira ba. Na ce mata baƙo ake rakawa. Uwa a wurinmu ba ta raka 'yarta, ba ta kuma bari a ga fuskarta. Ranar da aka tafi da yayata gidan miji ma a madafin nan Inna ta wuni.

Ta ajiye jakar hannunta ta koma ciki, na bi ta. Ta durƙusa a ƙofar madafi ta ce, “Inna, na tafi.”

Inna tana fuskantar bango tana jera kwanukan da tuni suke a jere. Ba ta juyo ba.

“To. Allah ya kiyaye hanya,” in ji ta. Muryarta ta karye, ta yi gyaran murya. “Ki riƙa cin abinci.”

Ni kaɗai na raka ta har mota, ina riƙe da ƙunshin ƙuli-ƙuli, mu biyu muna ta kuka.